Gwaggo Kunne ta Filin Harbin Tarrawin

Duk ranar Asabar, tun kafin rana ta fara gasa gonakin alkama, a-kori-kurar Noeline Kube ce ke fara tsayawa a bakin filin harbin Tarrawin. Mijinta Lindsay ke tuƙi, ita tana gefe da akwatin katako a cinya. Za ta ɗora ruwan shayi, ta kore ƙudaje daga tebur, sannan ta buɗe akwatin ta jera kayanta: murfin kunne na tare ƙarar bindiga iri-iri, masu kauri da sirara, da 'yan soson nan da ake murzawa a cusa cikin kunne, da zobban ƙyalle masu laushi da ta ɗinka da kekenta don su riƙa shan zufa. Teburin nata daidai ƙofar shiga yake, kuma da gangan ta ajiye shi a nan. Duk mai son ya harbi faifan yumɓun da ake cillawa sama sai ya bi ta gabanta, ba ya kuwa wucewa sai ta ga kunnensa.

Babu wanda ya naɗa ta, babu mai biyanta, ko bindiga ba ta taɓa harbawa ba. A haka ta shafe shekara talatin da ɗoriya.

Idan sabon mutum ya zo, ba ta tambayarsa wanne yake so. Takan ce ya sa hularsa da tabaransa yadda zai tsaya harbi, ta ɗora masa murfi, ta miƙa masa kofin shayi mai tururi, ta nuna masa benci. Shayin Noeline ba ya shayuwa da gaggawa. Kafin kofin ya ƙare, in murfin mai matse kai ne ya matse, in mai tara zufa ne ya tara, ita kuwa hannun mutum take kallo. Da zarar ya kai yatsa zai ɗan ɗaga gefe, ta san wannan bai yi ba, sai ta sauya wani. Daga nan ta sa shi ya kafa gindin bindiga marar harsashi a kafaɗa, ya kwantar da kunci, ta leƙa ko katakon yana ture murfin. Mai tabarau mai kaurin hannu, wanda iska ke shiga ta gefensa, takan ba shi soso a ciki da murfi a waje. Ta sha faɗa mana cewa murfi komai kyansa, in a wuya yake rataye, to wuyan kawai yake tsarewa.

To da me aka saka mata? Da suna. Gwaggo Kunne. Kuma kowa a Tarrawin ya san bakin da sunan ya fito, bakin Clarrie Dunstan ne, shugaban ƙungiyar, ƙaton manomi mai muryar da ake ji daga gona zuwa gona. Tun yana ɗan saurayi yake harbin zomaye da diloli da kunne a buɗe, yadda ya ga ubansa yana yi. Yakan karɓi murfi a hannun Noeline don a zauna lafiya, da ya ba ta baya ya zame shi zuwa wuya. Wai yana dafa masa kai, wai yana matse masa gefen ido, wai matar nan so take ta mai da garada jarirai. In ya so ba da dariya sai ya riƙe kofi ya kwaikwayi tafiyarta, yana leƙa kunnuwan mutane. Ana ta ƙyaƙyatawa, tana jin komai, domin ita kunnenta garau yake.

Akwai wata raha kuma da ta fi wannan daɗi a bakin mazan garinmu. Mai harbi da hannun dama, kunnensa na hagu ke fara mutuwa, shi ya sa da wuya ka sami dattijo a ƙungiyar da hagunsa ke aiki. A ƙasarmu kuwa sitiyarin mota a dama yake, don haka matar mutum a hagunsa take zama. Clarrie yakan bugi ƙirji ya ce bindiga ta yi masa gatan da likita bai iya ba, ta hutar da shi daga surutun matarsa Coral tun daga ƙofar gida har birni. Yakan faɗi haka a gaban matar tasa, ita kuwa sai dai ta harare shi ta ci gaba da shafa man shanu a burodi.

Sai ciwo ya kama Coral a maƙogwaro. Aka yi mata aiki a wani asibitin birni, ta rayu, amma murya ta tafi, raɗa kaɗai ta rage mata. Ranar da aka sallamo ta, Clarrie ya ɗauko ta a mota, ya kama doguwar hanyar nan da babu komai sai shinge da tumaki. Yana tuƙi yana jin daɗin shirun, a zatonsa barci take. Sai da suka kusa gida ya waiga, ya ga leɓɓanta suna motsi, hawaye sun jiƙa mata wuyan riga. Ashe tun da suka bar birni take roƙonsa ya tsaya ta sha ruwa.

Wannan shi ya kai shi gwajin kunne. Aka gaya masa ba ɓoye-ɓoye: hagu ya tafi har abada, dama ma ya kama hanya. In ya ƙara kakar harbi da kunne a buɗe, zai ci gaba da jin tarakta da haushin kare, amma raɗa kam ya yi sallama da ita. Wato kunne ɗaya ne ya rage tsakaninsa da matarsa.

Asabar ɗin da ta biyo, sai da ya bari kowa ya shige fili kafin ya matso teburin. Waɗanda suka hango shi sun ce ya daɗe a tsaye yana juya hula a hannu, ƙeyarsa ta yi ja. Mutumin da ba a taɓa jin ya rasa ta cewa ba, ran nan da ƙyar maganar ta fito.

"Noeline, ko akwai wanda zai shiga wannan ƙaton kan?"

Ta zura hannu can ƙasan akwatin ta zaro wani murfi mai faɗin baka, siriri ta wajen kunci, an riga an ɗinka masa ƙyalle. Ashe ya yi shekaru a nan yana jiransa. Da ido ta auna kan tun tuni, kuma duk lokacin da robar ta bushe takan sauya ta mayar. Ta ɗora masa, ta gyara, ta miƙa masa shayi. Ya zauna a bencin da ya sha kwaikwayonta a kai, ya shanye kofin tas, yatsansa bai tashi ba ko sau ɗaya.

Da ya zare murfin ya fara kame-kamen ba da haƙuri, yana maganar sunan da ya laƙaba mata, sai ta tare shi. Ta nuna masa Lindsay da ke zaune dab da su yana murmushi, bai san me ake cewa ba.

"Ka ga wannan bawan Allah? Harbi ya cinye masa kunnuwa. Rabona da in yi masa magana a hankali tun 'yarmu tana goye. Duk abin da zan faɗa masa sai maƙwabta sun ji. Akwai maganar da ba a faɗa wa miji da ihu, Clarrie, sai na daina faɗa. Ni ma ke nan da nake da muryar ihun. Coral ba ta da ita."

Clarrie ya ce da ƙasa za ta tsage a lokacin da ya shige. Shekara da shekaru yana ba da dariya da abin da yake ci wa matar nan rai kullum a cikin gidanta, bai taɓa tambayar kansa me ya zaunar da ita a bakin ƙofar ba. Mu ma babu wanda ya tambaya.

Ke ce, Noeline, kika ga ɓarnar a ɗakinki, maimakon ki tsani filin nan sai kika zo kika zauna a ƙofarsa. Ke ce kika gane cewa faɗa ba ya hana namiji cire abin da ke damunsa, sai dai a samo masa wanda zai manta yana sanye da shi. Uwar kunnuwan Tarrawin, mai haƙuri da bakin garada. Akwai matasa a garin nan da ke jin kukan jariransu daga ɗaki na biyu, ba su ma san ke suka ci albarkacinki ba.

Bana sanyin ƙashi ya kama mata yatsu, zare ba ya shiga allura, kuma 'yarsu ta matsa su koma kusa da ita a bakin teku. Ƙungiyarmu tana da al'ada: in babba zai bar fili, sai maharba su jeru su ɗaga bindigogi sama su saki wuta lokaci ɗaya. Shugabanni ake yi wa da gwanayen harbi. Clarrie ya kafe sai an yi wa Noeline, ya ce duk wanda bai yarda ba ya nemi wani shugaban. Babu wanda ya yi musu.

Ranar ta zo, aka gasa nama, aka ajiye mata kujera a bayan layi, Lindsay a gefenta. Ta sa nata murfin, ta sa wa mijinta nasa kamar kullum, don ɗan abin da ya rage masa. Maharba suka jeru, aka ɗura harsashi. Clarrie ya tsaya a ƙarshen layi ya yi jawabi, har ya faɗi a bainar jama'a cewa shi ya raɗa mata sunan nan kuma yana jin kunyarsa. Abin ya taɓa shi sosai, sai ya ga bai kamata ya yi ban kwana da irin wannan mata da hula a kai ba. Murfi kuwa a kan hula yake zama. Ya zame murfin zuwa wuya, ya cire hula ya dafa a ƙirji. Na kusa da shi ya gani ya yi haka, na gaba ma ya bi, har ƙarshen layi. Kowa ya yi tsaye cikin ladabi, kai a buɗe, kunne a buɗe, ana jiran Clarrie ya ɗaga hannu.

Allah sarki. Shekara talatin tana wannan aiki, ga tukuicin da aka jera mata: kunnuwa tsirara daga wannan gefe zuwa wancan, bindigogi a ɗure. Ta ja murfin akwatinta ta rufe a hankali, ta sunkuyar da kai.

Coral ce ta taso. Ta zagayo ta damansa, ta ɗaga dunduniya ta kai baki kusa da kunnensa.

"Kunnenka, Clarrie. Dubi fuskarta."

Raɗa ce, ga iska, ga kukan hankaki a kan shinge, amma ya ji. Ya waiga ya ga Noeline da rufaffen akwati, ya kai hannu wuyansa ya taɓa murfin. Hannun da zai ɗaga ya sauko. Da wata ƙaramar murya da ba mu san yana da ita ba ya ce a buɗe bindigogi a zare harsashi. Aka yi. Babu wanda ya iya kallon wani, kowa ya sami abin dubawa a kan takalminsa.

Sai ta tashi. Ta bi layin nan ɗaya bayan ɗaya da yatsunta masu ciwo, ƙattin maza suna rusunar mata da kai, tana mayar da hula, tana ɗora murfi, tana tura gashi baya, tana gyara hannun tabarau. Ba ta yi wa kowa gori ba, kuma da ta yi da ya fi mana sauƙi. Clarrie ne na ƙarshe. Kafin ta rufe masa kunne ta ce masa in girmama ta yake son yi, ya bar hularsa inda take. Ta koma kujerarta, ta duba na Lindsay, sannan ta ɗaga wa Clarrie kai. Aka sake ɗurawa, aka saki wuta, ƙasa ta amsa, babu kunnen da ya yi ƙara.

Mun gode, Noeline, godiyar da ta makara, kuma mun san ta makara. Akwatin ta bar shi a kan teburin, matar ɗan Clarrie ta karɓi keken ɗinkin. Ku masu zuwa fili, a nan ko a wani gari, kada ku ɗauki murfi don an ce shi ne mai kyau. Ku sa shi da hularku da tabaranku, ku zauna ku sha shayi, in ya dame ku ku sauya, har ku sami wanda za ku manta da shi a kai. In kuma akwai wata irinta a ƙofar filinku, ku tambaye ta me ya zaunar da ita tun tana nan.

Ke kuwa Noeline, in kina son ki san ko aikinki ya ci, ga abin da muka gani da yammacin ranar, bayan motarku ta ɗaga. Clarrie Dunstan, wanda ko ɗansa bai taɓa bari ya taɓa masa sitiyari ba, ya miƙa wa Coral makulli, ya zagaya ya zauna a kujerar hagu, kunnensa na dama yana wajenta. Kafin ta tayar da motar ta ce masa wani abu, ya sunkuyar da kai yana dariya. Ba mu ji me ta ce ba, shi ya ji.