Malam Sahabi, Mai Nema wa Lasifika Wurin Tsayawa

Da an idar da sallar asuba a unguwar Badariya ta Birnin Kebbi, Malam Sahabi ba ya komawa barci. Yakan buɗe shago ya share, ya kunna tsohuwar rediyonsa ƙasa-ƙasa, ya zauna yana sauraro kamar mai ɗanɗana gishirin miya. In rana ta ɗaga sai ya ɗaure jakar wayoyi a bayan babur ya shiga gari. Tun yana saurayi sana'arsa ke nan, gyaran lasifika da nema mata wurin tsayawa a ɗaki, ga shi yau gemu ya yi fari fat.

Mu kuwa, Allah Ya shirye mu, lasifika a wurinmu ƙara ce kawai. Mu sayo mai tsada, mu cusa ta a kusurwa, mu lulluɓe ta da leshi, mu ɗora mata furen roba, sannan mu murɗe ta har tagogi su riƙa rawa. Sahabi ya sha yin faɗa da masu gidaje a unguwar Gesse a kan haka. In ya shiga ɗaki, kafin ya taɓa waya sai ya tafa hannu, ya saurari yadda bango ya amsa.

Bana ya ce zai ajiye aiki, don kunnensa na hagu ya daina ji. Aikin ƙarshe da ya karɓa a Argungu ne, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Baba Atiku tsohon masunci ne, mutumin Gulma. Tun da idonsa ya rufe ya daina fita ko ƙofar gida, abinci ma sai an yi ta lallashi. Abu ɗaya yake nema a kunna masa, wani tsohon kaset da aka ɗauka a bakin kogin Matan Fada ranar da ya kama giwan ruwa, makaɗa suna wasa shi. Ɗansa Ja'afar, da ya ga uban yana ta ramewa a ɗaka, ya sayo manyan lasifikoki biyu masu tsayin yaro, irin waɗanda ake cewa suna fito da komai. Ranar da aka kunna su, tsoho ya saurara kaɗan ya juya fuska bango.

"Wanga ba kogi ba na," in ji shi. "Gwangwani na. Ku kashe."

Ja'afar ya kira Sahabi ne don a mayar da su kwali. Sahabi ya zo, ya tafa hannu a falon, ya ƙi.

"Baba, sabbi na," ya ce wa tsohon. "Sabuwar hwatar ganga ai sai ta sha kiɗi take sakin murya. A ba su lokaci."

"Ni mi ya rage min na lokaci?"

"Abin da ya rage, ba ni aron kaɗan daga ciki."

Ya sa aka bar su suna kiɗa a hankali daga safe zuwa la'asar, kullum, har makonni suka shuɗe. Shi kuma ya riƙa hawa babur daga Birnin Kebbi yana zuwa dubawa, cikin rana, ba wanda ya aike shi. Babban yaƙin da Hajiya Sauda aka yi, matar gidan, don kabad ɗinta na gilashi mai cike da kwanuka yana tsaye daidai inda Sahabi yake so, kuma duk aka buga ganga sai kwanukan su amsa.

"Kabad ɗin ga tun aurena yake nan," ta ce. "Ba akwatin kiɗin da za ya tashe shi."

"Inna, ba don akwati ba na. Don Baba na."

Ta harare shi, ta shiga ciki. Kashegari ya tarar an kwashe kwanukan, ita da kanta ta nuna inda za a ja kabad ɗin.

Nan matsalar gaske ta fito. Daidaita lasifikoki biyu aikin kunne biyu ne, shi kuwa ɗaya ya rage masa. Wani zai rufa wa kansa asiri, ya jera su yadda ido ya ga dama ya kama hanya. Sahabi ya durƙusa gaban tsohon ya faɗi gaskiya.

"Baba, kunnena guda ya mutu. Kai za ka ji, ni in ɗauka. In na kunna, nuna min inda makaɗi yake tsaye."

Ya shimfiɗa darduma mai kauri, ya saki labule, ya janyo lasifikokin daga bango, ya zaunar da tsoho a tsakiya. Aka kunna. Baba Atiku ya yi tsaki, ya nuna dama. Sahabi ya rungumi akwatin ya matsa da shi kamar faɗin tafin hannu. Tsoho ya ce yanzu makaɗin ya shige cikin bango. Sahabi ya sake ja, ya karkata fuskar akwatin, gumi na zuba, bayansa na ƙara. Mutumin da ya daina magana da kowa sai ga shi yana ba da umarni da faɗa, kamar yana cikin jirgi yana juya matuƙi.

Can sai tsohon ya ɗaga kai. Ya miƙa hannu gabansa sosai, inda ba komai sai iska.

"Ga makaɗi nan," ya ce. Hannun ya koma hagu a hankali. "Ga jirgi. Ga ruwa na bugun gora."

Sai wata murya ta taso daga bayan kiɗan, wadda tsohuwar rediyon gidan ba ta taɓa fito da ita ba, tana kiran sunansa. Tsoho ya waiga ya amsa, "Na'am, Dikko." Dikko ƙanensa ne, ya daɗe da rasuwa. Hajiya Sauda ta toshe baki da mayafi. Da kaset ya ƙare, Baba Atiku ya laluba sandarsa ya ce wa Ja'afar, "Gobe ka kai ni bakin gulbi."

Ja'afar ya ce min da yake raka Sahabi wurin babur, ya tambaye shi ko ya ji muryar. Sahabi ya yi murmushi ya ce shi ganga kawai ya ji.

Wannan amsar ta taɓa min zuciya ƙwarai. Malam Sahabi, kai ne ka ƙi mayar da kaya kwali ranar da kowa ya sare. Kai ne ka faɗi rauninka a gaban mutane don aiki ya yi kyau, ka gyara abin da kai kanka ba za ka ji ba. Sarkin haƙuri na Badariya, mun gode, Allah Ya saka maka da alheri, Ya kiyaye maka kunnen da ya rage.

Masu tasowa cikin wannan sana'a, ku je shagon nan tun bai rufe ba. Ku koyi yin shiru a ɗaki kafin ku taɓa waya, ku koyi tambayar mai gida abin da yake so ya ji. Baba Atiku dai yanzu ba a samunsa a gida da hantsi, sai a bakin ruwa.