Ƙafar Kaza a Gindin Gada

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran aminina, tsohon ma'aikacin gidan waya, wanda kowa ya sani da Mai Wasiƙa. Ina ƙofar gida ina gyaran ƙotar guduma babban ɗansa ya zo ya durƙusa ya faɗa mini. Ban yi kuka ba. Haushi ne ya fara zo mini, kuma har yau bai sake ni ba.

Ni magini ne, ban taɓa zama a aji ba. 'Yata ce take rubuta wannan, na kuma ja mata kunne kada ta gyara mini magana.

Mai Wasiƙa, shekara arba'in da ɗaya muna tare. Duk takardar da ta shigo gidana kai ka karanta mini ita, kuma ba ka taɓa yi a gaban mutane ba, sai ka ja ni gefe kamar za mu ƙulla wani sirri. Da uwar 'ya'yana ta kwanta ciwo, safe da yamma kana zuwa kana ware mata ƙwayoyin magani, farare daban, jajaye daban. Ban manta ba. Amma akwai maganar da ta rage tsakaninmu.

Da ka ajiye aiki ka kawo shawara mu hau kekuna mu bi bakin kogi har inda aka haife mu, ni in faɗi abin da na sani, kai ka rubuta. 'Ya'yanmu suka ce tsufa ya fara taɓa mana kai. Muka tafi a ƙarshen daminar bara. Na nuna maka tsohuwar tashar jirgin ƙasa da bishiya ta fasa rufinta, da ramin da ake fasa dutse a da, wanda yanzu ya cika da ruwa tsuntsaye sun gaje shi. Mun turo kekuna har kan tudu muna haki, muka hango kogin can ƙasa kamar igiyar da aka yar. Ka daɗe a tsaye, sannan ka ce shekara talatin kana yawo da jakar wasiƙu, lambar ƙofa kawai kake dubawa, ba ka taɓa ɗaga kai ba. Tayarka ta baya ta sace sau huɗu, duk ni na yi facin, kai kana inuwa kana rubutu.

Rana ta biyar muka iso gada. Na ce maka mahaifina yana cikin waɗanda suka sassaƙa duwatsunta. Ka je ka karanta allon ƙarfen da ke jikinta, ka dawo ka ce a shekarar da aka rubuta, mahaifina ya riga ya yi shekara goma sha biyu a ƙasa. Na ce saman ne sabo, ƙafafun tsofaffi ne. Na ce kowane mai sassaƙa yana da alamar da yake sa wa dutsensa don a san aikin wane ne, ta babana kuwa ƙafar kaza ce, yatsu uku. Ka leƙa ƙasa, ruwa ya rufe komai.

"Kan Dutse," ka ce, sunan da kake kirana da shi ke nan, "abin da na gani zan rubuta."

Na ce, "To rubuta, ka ƙara da cewa ni maƙaryaci ne."

Daga nan muka juyo. Kana gaba ina baya, ba mai ce wa wani sannu. Wata bakwai muka yi a haka. Sau biyu ka aiko a gaishe ni, na ce a ce maka na ji. Duk rayuwata haka ake yi mini: mai takarda ya faɗa a yarda, ni in faɗa a ce ina shaida. Daga kowa na saba, daga gare ka ne ban zata ba.

Kwana uku da rasuwarka maiɗakinka ta aiko a kira ni, ta miƙo mini littafin da ka rubuta tafiyarmu a ciki. Ta ce da ruwa ya janye ka ɗauki keke ka tafi kai kaɗai, ga tari kana fama da shi har likita ya ce ka huta. Ta roƙe ka ka shiga mota, ka ce mota ba ta tsayawa a ƙarƙashin gada. Kwana goma sha ɗaya ka yi, ka dawo da laka har gwiwa, ka kwanta, ba ka ƙara tashi ba. Na buɗe shafin da ta naɗe. Ka soke layi biyu, a ƙasansu ka zana ƙafar kaza guda bakwai, ɗaya ga kowane dutse da ka samu. Wannan ban nemi mai karanta mini ba.

Wa ya aike ka, Mai Wasiƙa? Gidana da naka taku nawa ne? Da ka zo ka ce mu koma, da na ɗaure fuska yini ɗaya in bi ka, in hana ka shiga lakar nan. Maiɗakinka ta ce ka ce sai ka warke za ka kawo mini da hannunka, don kana so ka ga fuskata. Ni kuma na ji ba ka da lafiya, na ce ba inda za ni sai ka fara zuwa. Ga shi nan. Na ci gardama, ba wanda zan yi wa dariya.

Na mai da littafin hannun babban ɗanka. Idan za a buga shi, a buga yadda yake, har da sokewar. Kada wani mai ilimi ya ce zai tsabtace shi.

Ina yi wa maiɗakinka da 'ya'yanka da jikokinka ta'aziyya, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya riƙa muku abin da ya bari. Allah Ya jiƙan ka, Ya yalwata maka kabari, Ya sa kowane takun feda na tafiyar nan ya zame maka lada. Ni na yafe maka duniya da lahira. Tawa yafiyar ce ban san wanda zan tambaya ba, sai dai in roƙi Allah Ya haɗa mu a Aljanna in ji daga bakinka.