Muryar Yaya a Kan Randa

Kafin yayana ya koma Yamai da aiki, ya rubuta wa Innarmu wata ƙaramar manhaja a tsohuwar ordinatarsa, wato kwamfuta. In lokacin maganin hawan jini ya yi, sai muryarsa ta fito: "Inna, a sha magani." Ta sha, ta danna maɓalli. Ni da nake gabanta a gidanmu na Zango, in na faɗa sai ta ce na cika baki. Shi kuwa ko ta cikin ƙarfe ya yi magana, an ji.

Ya rasu da damina. Muryar ta ci gaba har bazara, sannan ta yi shiru. Inna ta daina shan magani, ƙafafunta suka kumbura. Na ji tsoro ƙwarai.

Shi ya koya mini aikin rubuta manhaja, amma na karanta rubutunsa ban ga aibu ba. Sai da dibaga, manhajar da ke bin sawun wata manhaja layi-layi har inda ta tsaya. Na'urar ta tsufa, shiryayyen dibaga ya ƙi hawa kanta, dole na sauko da rubutun tushensa in harhaɗa da kaina. Harhaɗawa kuwa aiki ne mai gasa inji, ga zafin Damagaram. Ya yi nisa sai ordinatar ta mutu, ko a ɗauke kuran, wato wutar lantarki, in koma farko. Har zaginta na yi.

Inna ce ta leƙo. "Wannan abin ƙishi yake ji," in ji ta. Ta jiƙa buhun da ke jikin randarta, ta kife faifai a baki, muka ɗora ordinatar a kai. A nan aikin ya ƙare lafiya.

Na bi sawun har layin da ta tsaya. Ashe duk sanda Inna ta danna maɓallin, saƙo ne ke zuwa wayar Yaya, kuma manhajar ba ta wucewa sai saƙon ya isa. Da bazara aka rufe layin wayarsa, ita kuwa tana nan tana jira.

Na faɗa wa Inna, na ce zan goge wurin.

Ta daɗe tana kallon randar. "Ashe yana duba ni daga can," ta ce. "Kar ki goge, 'yar nan. Sa lambarki."

Na sa lambata. Da la'asar muryarsa ta fito, Inna ta haɗiye maganin ta danna, wayata ta yi ƙara a cinyata.