Tattakin Malam Ma'aruf a Bakin Tafki

Shekara goma sha tara Malam Ma'aruf ya yi yana tuƙa bas a birnin Greensboro, can ƙasar waje. Daga gidansa na unguwar Glenwood zuwa tasha, daga tasha zuwa gida, kullum a zaune. Tafiyar ƙafa kuwa, cewa yake ya gama rabonsa tun yana yaro a Gusau.

Da ciwon zuciya ya kwantar da shi aka yi masa aiki, likita ta ce ya riƙa tattaki. Ya ce to, amma bai yi ba. Tsoro yake ji kada ya faɗi a hanya.

Bayan wata takwas 'yarsa Rahina ta gama digiri na biyu a Scotland, shi da matarsa Hajiya Mero suka je bikin. Washegari ta kai su bakin wani tafki, inda wata 'yar hanya ta ratsa kurmi.

"Baba, minti arba'in ne kawai," in ji Rahina. "Har da keken jarirai ake shiga."

"Ku dai je, ina mota."

"Malam, in ka gaji sai mu zauna," in ji Mero. "Ga benci nan ko'ina."

Ya fito ba don yana so ba. Ƙasa a jiƙe, ganye na ɗigar ruwa, sanyi na shiga ta wuyan riga. A bencin farko ya zauna yana sauraren ƙirjinsa. Na biyu ma haka. Sai wata tsohuwa mai dogara sanda ta wuce da karenta, ta gaishe shi da wani irin Turanci da bai kama ko kalma ɗaya ba. Dariya ta kama shi, ya miƙe.

Bai sake zama ba har itatuwa suka ƙare, ruwa ya bayyana shimfiɗe zuwa gindin duwatsu. Ya ja numfashi, babu zafi. Ya daɗe a tsaye yana yi wa Allah godiya, sannan ya dafa kan Rahina ya sa mata albarka.

Da suka dawo Greensboro ya nemi tafkin da ke arewacin gari, wanda bai taɓa leƙawa ba. Yanzu duk Asabar da hantsi yana can da Mero, kuma iyalai uku daga masallaci sun biyo su. Rahina ta samu aiki a Glasgow. In ta kira ta bidiyo, sai ya juya wayar ya nuna mata kunkuraye jere a kan kututture suna shan rana.