Yaɓen Rumbun Inna

Cikina na wata biyar kwaɗayin ƙasa ya kama ni. Ba farar ƙasar kasuwa nake so ba, yaɓen rumbun Inna, uwar mijina, nake ɓantara, can bayan gida a Dogarawa. Yana da wani zaƙi-zaƙi da ban taɓa ji a jikin wani bango ba.

Wata hantsi Inna ta iske ni ina tauna, ta fashe da dariya.

"Ɗiyata, ki bar mani rumbuna tsaye! Yaɓen da ko gara ba ta iya mashi, ke kin iya."

"Me ya hana gara, Inna?"

"Ƙasar gindin iccen bedi ce, inda ƙanen mijinki ke fasa tsofaffin baturan mota yana narka dalma. Da ita muke kwaɓi. Duk unguwa nan suke ɗiba."

Na tofar da abin da ke bakina. Na yi lakwal, wato makarantar boko, na san abin da dalma ke yi wa ƙwaƙwalwar ɗan da ke ciki. Sai na zauna nan ƙasa.

Malamin da ya koya mana kimiyya a lakwal ya taɓa cewa akwai ƙwayoyin halitta cikin ƙasa, ido bai ganinsu, masu kama gubar ƙarfe su ɗaure ta, har ta yuraniyom. Na nemo lambarshi na kira. Na ce in na yi ta shan nono mai tsami fa, tunda shi ma da ƙwayoyi a ciki?

Sai ya ce:

"Waɗancan ƙasa suke gyarawa, ɗiyata, kuma a hankali, da hannun masana. Abin da ya shiga jininki, likita za ki kai ma. Gobe, ba jibi ba."

Ungozomar Dogarawa ta ce ba su da abin awon dalma, sai babban asibiti. Mijina direba ne, ya ce in bari lodin albasa ya lafa sannan ya kai ni. Inna ta ce ita ma ta ci ƙasa, ga ɗiyanta nan duk da hankalinsu. Hatsin da muke tuwo da shi kuwa daga rumbun ake ɗebo shi.

Na ɗaure kayana na taho gidanmu Illela. Yanzu cikina wata takwas ke nan, albasa ba ta lafa ba, ba a auna ni ba. Yaron na motsi sosai, mahaifiyata ta ce alamar lafiya ce. Na tambayi ungozomar nan, ta ce motsi bai nuna abin da nake tambaya.