Alkasum Mai Shinshinar Rijiya

Da an idar da sallar asuba, kafin mata su fara daka, za ka ga Malam Alkasum ya turo tsohon kekensa daga lungunsu. A bayan keken akwai doguwar igiya, da kwalabe wankakku cikin buhu, da wani littafi da ya sha maiƙo. Rijiya shida yake bi, duk a unguwarmu ta gangaren gidan mai, kan hanyar da ta fita Konni zuwa Tsarnawa. Ya zura kwalba, ya jawo, ya ɗaga ta ya duba, ya kai hanci, sannan ya rubuta. Shekara tara yana haka, har aka laƙaba masa Mai Shinshinar Rijiya. Bai taɓa fushi ba. Iyaka ya ce, "Ku dai ku sha lafiya, ku kira ni abin da kunka ga dama."

Maginin rijiya ne a ma'aikatar ruwa, karatunsa na lakwal bai wuce aji huɗu ba. A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, shi ya sa na ga bai kamata ya tafi shiru ba.

Abin ya faro a 1987. Maƙwabciyata Fati mai hura ce ta fara kuka: masu saye suna maido mata hura, wai tana warin isans, wato fetur. Ta wanke ƙwarya, ta sake randa, warin yana nan. Sai yara suka shiga ciwon ciki. Da aka kira Alkasum, ya ɗaura igiya ya sauka rijiyarta, bai kai rabi ba ya girgiza igiyar. Aka jawo shi yana layi, idonsa jajir. Da ya farfaɗo ya ce kowa ya kashe taba. Ya ɗebi guga ɗaya, ya kai can fili, ya ƙyasta ashana. Ina tsaye a wurin, na ga wuta tana ci a kan ruwa.

Ya nufi wajen mai gidan man, Alhaji Mamane, mutumin da ko manyan gari ba sa ɗaga masa murya. Ya ce tankin da ke binne a ƙasa yana yoyo.

"Alkasum, tankin ga daga Turai anka kawo shi," in ji Alhaji. "Mi ka sani ga tanki?"

"Ban san tanki ba, Alhaji, amma na san rijiya. A sa ma famfo kwaɗo bayan la'asar, mu auna da sanda. Gobe da hantsi mu sake aunawa. In bai ragu ba, ni zan zo gaban mutane in ba ka haƙuri."

Da hantsi aka zura sanda. Man ya ragu da yatsa biyu, alhali ba a sayar da ko ɗigo ba. Alhaji ya daɗe yana kallon sandar, sannan ya ce, "Ɗiyata Tsahara can gangaren take aure. A haƙe shi."

Aka ciro tankin, tsatsa ta huda gindinsa. Mu duk mun ɗauka magana ta ƙare, ashe a nan aiki ya soma, domin man ya riga ya bi ƙarƙashin ƙasa.

Malam Alkasum, kai ne ka sa aka kwashe ƙasar da ta jiƙe da mai a amalanken jaki, aka kai ta faƙo nesa da gonaki. Kai ne ka haƙa ramuka uku tsakanin gidan man da gidajenmu, don su tare man kafin ya iso mana. Kullum ka yaye shi daga saman ruwa da tsofaffin buhuna, ka matse a duro, har fatar hannunka ta tsattsage. Buronku na ma'aikatar ruwa ya aiko injiniya sau biyu, ya duba littafinka, ya ce ci gaba. Ka ci gaba.

Ban manta bazarar 1990 ba, lokacin da famfon gari ya yi kwana da kwanaki babu ruwa. Mutane suka zo ɓalle murafun da aka sa wa rijiyoyin don kada a sha ruwansu. Alkasum ya hau ɗaya ya zauna. Tsohuwa Uwani ta nuna shi da sanda: "Kai ɗan nan, ruwan ubanka ne?" Ya ce, "Inna, zage ni, amma ba ki shan shi." Daga ranar, jarka biyu yake ɗauko mata a keke daga rijiyar bayan gari, har ruwan sama ya sauka. Tana karɓa tana ci gaba da faɗa, shi ko yana dariya.

A 1996 aka aika ruwan rijiyoyin zuwa Yamai don gwaji a karo na ƙarshe. Takarda ta dawo: rijiya biyar sun tsarkaka. Shi ya fara sha, a gaban kowa, ya cika moɗa ya shanye. Fati ta dama hura, ranar ba ta sayar ba, rabawa ta yi.

Ta shidan ba ta gyaru ba. Ita ce rijiyar da mahaifinsa, marigayi Ɗahiru, ya gina da hannunsa, sunansa na nan a jikin siminti. Wasu suka ce a ƙara mata shekara ɗaya. Alkasum ya ce in aka bar ta a buɗe, wata rana baƙo zai sha. Shi ya zuba shebur na farko, kuma bai bar wurin ba sai da ta cike.

Mun gode, Malam Alkasum. Allah Ya ba ka lafiyar cin hutunka, Ya shayar da kai kamar yadda ka shayar da mu. Ku kuma masu gidajen mai daga nan har Illela, ku auna tankunanku tun ba a kira kowa ba. Matasan ma'aikatar ruwa, gidansa ba shi da wuyar ganewa. Ku je ku zauna, ku tambaye shi tun yana da ƙarfin amsawa.