Murhun Kaka da Ƙafar Kamiyo

Murhun da Kaka ke yi mana tatsuniya a bakinsa ba na duwatsu uku ba ne kamar na kowa. Ƙarfen ƙafar babbar mota ne, wanda direbobi ke ce wa janti, an kwantar da shi a tsakar gidanmu na Gaya, ya yi baƙi ƙirin. In an yi sallar isha'i lokacin sanyi, sai ta zuba masa ƙiraren giginya da karan dawa, mu kewaye shi, ni da ƙannena da 'ya'yan maƙwabta. Ƙarfen kan riƙe zafi, har in wuta ta mutu mukan ɗora tafin ƙafa a gefensa.

Kowa a unguwa ya san tarihin murhun nan. Kakanmu namiji direban kamiyo ne, wato babbar motar kaya, irin tsofaffin nan masu dogon hanci. Wata rana a hanyar Bengou ƙafar gaba ta fice masa, motar ta kife a kwazazzabo, nan ya cika. Mutanen da suka kawo gawarsa a amalanke sun haɗo da ƙafar, don sun tsince ta can cikin gonar wani. Kaka ta sa aka cire tayar, ta ja ƙarfen tsakar gida ta hura masa wuta. Tun ranar ba ta sake dafa ko kunu a wani murhu ba. Babana a lokacin yaro ne, bai fi a aike shi sayen gishiri ba. Ta hana shi kusantar tasha, ya tashi manomin shinkafa a fadama.

Ni ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko, amma idona ba ya barin abu ya wuce. Ina tuna yammar da Baba ya shigo unguwa da gangar jikin motar nan, shanu na ja, yara na bin su da ihu. Shekara da shekaru tana kwazazzabo, har tumfafiya ta fito ta cikin gidan direba. Ya kafe ta a kan kututturan giginya a filin ƙofar gida, inda daga tsakar gida ana hango ta ta saman danga. Ba haya zai yi da ita ba, ba shi ma da takardar tuƙi. Ya ce shi dai so yake ya ga ta tashi. Mutane suka ce Mamman, wato Baba, ya samu taɓuwa. Innarmu ta ce wasu mazan dara ke ɗauke musu hankali, nata mijin gawar ƙarfe, ta gode Allah dai wannan ba ta fita yawo.

Zamanin soja ne, nan soja, ƙetare ma soja, kuma an rufe iyakar Najeriya. Abin da a da za ka shiga Kamba ka sayo, yanzu sai ka haɗu da masu bindiga a hanya. Ko da a buɗe take ma, irin motar ta ƙare, babu mai sayar da kayanta. Sai Baba ya bi sawun kayanta na asali, don mutanen ƙauyuka sun kwashe su tun tuni. Ƙofarta ya same ta a Karakara, wani ya yi murfin rumbu da ita. Tankin mai yana Zabori ana ba awaki ruwa. Ƙafa ɗaya tana rataye a bishiyar wata lakwal, ita ake bugawa yara su shiga aji. Duk inda ya je sai ya zauna ya yi gaisuwa mai tsawo, ya ba mai abu madadinsa. Mai rumbu sai da Baba ya sassaƙa masa murfin itace da hannunsa. In ya dawo a kan keke da wani ruɓaɓɓen ƙarfe a baya, fuskarsa kamar wanda aka yi wa haihuwa. Shi da abokinsa Garba makanike su yi ta gogewa da kananzir har magariba.

Daga ƙarshe komai ya samu sai ƙafa ɗaya, wadda Kaka ke hura wa wuta. Ramukan ƙusoshinta daban suke da na motocin zamani, Garba ya gwada wasu har ya gaji. In ba ita, motar ba za ta sauka daga kututture ba.

To ga inda abin ya yi wuya. Baba ɗan fari ne. Kaka ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta zama ta yi hira da shi ido da ido. In za ta ambace shi sai ta ce "uban yaran nan", ko "wancan". Shi ma da safe zai durƙusa daga nesa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon gefe, shi ke nan. Don haka shi ba ya iya cewa ki ba ni, ita kuma ba ta iya cewa ina tsoron in rasa ka. Kowa ya san abin da ke tsakaninsu, babu mai furtawa.

A cikin wannan sanyin ne Kaka ta fito da tatsuniyar da ba mu taɓa ji ba. Ta gyara itace, ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba, don Baba na can ƙarƙashin mota da fitilar ƙwai.

"Ga ta nan tafe, ta ɗauko kaya."

"Ta sauke mu gani," muka ce.

Wai an yi wani madugu mai farin raƙumi. Wata tafiya raƙumin ya faɗi da shi a dokar daji, suka mutu tare. Namun daji suka rabe ƙasusuwan raƙumin. Kura ta ɗauki na cinya ta yi taɓarya, dila ya yi jinka da haƙarƙari, bushiya ta shige ƙoƙon kai ta yi ɗaki. Ɗan madugu ya girma, wani boka ya ce masa in ya tara ƙasusuwan nan duka ya yayyafa ruwan kogi, raƙumi zai miƙe. Yaro ya shiga daji. Ya yi wa kura daka har ta ba shi taɓaryarta, ya yi wa dila sabuwar jinka, ya haƙa wa bushiya rami. Kaka ta iya muryar kura, takan shaƙe hanci, mu yi ta faɗuwa da dariya. Saura ƙashi ɗaya, na ƙafar gaba, yana hannun wata tsohuwa tana tuƙa tuwo da shi. Yaro ya yi ta zarya har ta gaji ta ba shi. Raƙumi ya miƙe, yaro ya hau. Ashe raƙumin hanya ɗaya ya sani, wadda ya bi da ubansa. Ya miƙa da shi daji, har yau ba a sake ganinsu ba, tsohuwa kuwa ta rasa muciya ta rasa mai gaishe ta da safe.

Ƙanina ya ce wannan ba ta da daɗi, a sake wata. Sai muka ji ƙarar guduma ta tsaya a waje.

"Hadiza," Baba ya kira ni ta saman danga. "Tambayi mai tatsuniya, shi yaron ba shi da akala ne?"

Na juya zan maimaita, Kaka ta riga ni. "Ki ce masa uban ma da akala ya fita."

Haka aka yi ta yi har sanyi ya kusa fita. Kusan kullum sai ta kawo raƙumin nan, ko mun roƙi wata. Ni ce 'yar aike, ko da yake suna jin juna sarai. Wani dare ta ce yaron yana da mata da 'ya'ya da gonar shinkafa, me ya rasa. Baba ya ce in gaya mata gonar ba ta taɓa kwana da ciyawa ba. Wani daren ta ce kuraye sun kafa shinge a hanya suna tambayar takarda, duk wanda ba shi da ita su cinye. 'Ya'yan maƙwabta suka tuntsire, Inna ta leƙo ta ce a rage murya, ba a san mai wucewa ba. Baba bai taɓa yin fushi ba, bai kuma daina ba. Da asuba yana fadama, da la'asar yana ƙarƙashin mota. Ita ma ba ta sassauta ba. Har ta koma kwana da ƙofa a buɗe, wai kada a ɗauke mata murhu, alhali ƙarfen sai maza biyu ke ɗaga shi.

Sau ɗaya na ji Baba ya faɗi abin da ke ransa, shi ma ta bakina. Ya kira ni bakin danga, ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

"Ki ce mata yaron ba fatauci zai je ba. Ya manta fuskar ubansa. Kukan raƙumin kawai yake tunawa, in ya doso gida."

Kaka ta tura itace cikin wuta, ta ce mu tashi mu kwanta.

Bayan 'yan kwanaki, da la'asar, aka samo man gazuwal da batirin aro. Garba ya yi ta juya ƙarfen tayar da mota a gaba har gumi ya jiƙa shi. Motar ta yi tari, ta yi tari, ta tofar da baƙin hayaƙi, sai ta kama. Kukanta mai kauri ne, yana da wani ɗan tsalle a ciki kamar mai ɗingishi. Kaji suka watse, unguwa ta fito. Ni kuwa Kaka nake kallo. Tana sheƙar gero a tsakar gida, sai ta tsaya da ƙwarya a sama, geron na zuba a ƙasa ba a kan tabarma ba. Ta kai hannu ta gyara ɗankwalinta, kamar macen da ta ji sallamar mai gida. Sannan ta ga ina kallonta, ta ce in kore kajin nan daga hatsi.

Daren nan ta sake ɗauko tatsuniyar, amma a hankali, sai da guduma ta yi shiru a waje don a ji. Komai ya tafi yadda ya saba har aka zo kan tsohuwa. Wannan karon wai tsohuwa ta ce wa yaro, ƙashin nan ya sha wuta shekara da shekaru a bakin tukunya, ya yi laushi, ba ya ɗaukar kaya, ba ya dogon zango. In ya yarda raƙumi ya je kogi ya sha ruwa ya dawo kafin rana ta faɗi, ga shi. Yaro ya ce ya yarda.

"Shi yaron ne ya ce, ko ke kika ce masa?" in ji ƙanina.

"Je ka tambaye shi, angona, yana waje."

Ba sai an je ba. Muryar Baba ta zo ta saman danga, ya ce ya yarda.

Da safe na tarar ta kwashe tokar, tana dirje ƙarfen da yashi da ɓawon kwakwar giginya. Ba ta bari kowa ya taya ta ba. Da ta gama ta ce in gaya wa uban yaran nan murhunta ya tsufa, a zo a kawar mata da shi, a gina mata na ƙasa. Baba ya gina shi da kansa a ranar.

Garba ya duba ƙarfen ya girgiza kai, ya ce wuta ta cinye ƙarfinsa, har ya ɗan karkace. Suka mayar da shi baya, suka kawo na baya gaba. Motar ba ta taɓa ɗaukar ko buhu ɗaya ba. Ran Juma'a bayan an sauko masallaci Garba kan tuƙa, Baba na gefensa, mu yara a baya, a bi hanyar ƙasa zuwa bakin kogi a hankali kamar jaki, a wanke ta a dawo. Jandarmomi suka saba da ita, har sukan ɗaga hannu suna dariya. Kaka ba ta taɓa hawa ba. Amma duk Juma'a tana zaune bakin zaure da carbi, ba ta shiga ciki sai ta ji kukan nan ya doso.

Yanzu ga ni da nawa ɗan farin, ga soja sun sake dawowa mulki. Gidan mijina yana bakin babban titin da ke zuwa gadar kogi, manyan motoci na wucewa dare da rana. Yaron bai daɗe da iya gudu ba, amma da ya ji kukan kamiyo sai ya yar da abin da ke hannunsa ya nufi ƙofa. Nakan farka in lalubi ƙafarsa a kan tabarma.

Da ina yarinya na ɗauka Baba ne ya ci nasara. Da na yi aure na koma ganin Kaka ce, tunda ta ƙone ƙarfen nan har ya kasa kai ɗanta nesa. Yanzu da nake goyo, abin da na fi tunawa shi ne tsawon sanyin nan, mutum biyu masu son juna suna magana ta bakin raƙumi da 'yar yarinya, a kan abin da za a iya faɗa a zama ɗaya. Ban ga laifinta ba, haka ta taras ana yi. Na ɗauki taurin kanta, na ɗauki kuma sanin cewa ba a tsare ɗa da hani kaɗai, wata rana sai an ba shi ƙashin a yi sharaɗi. Amma kunyar nan ba zan iya da ita a bakin titi ba.

Shekaranjiya ya kufce mini, wata doguwar mota na tahowa daga gada. Surukata na zaune da baƙi a zaure. Na ƙwala masa kira da sunansa na yanka, Abdullahi, har masu shayi na tsallake suka waigo. Ya tsaya cak. Da na dawo da shi a kafaɗa, wata cikin baƙin ta ce matan yanzu ba kunya, ɗan fari guda a bainar jama'a. Na durƙusa na ce su yi haƙuri, gobe ma in ya nufi titi haka zan kira shi.